Turkar raguna a Yamai: inda aiki ya kai, da maganar kullen 2020

Salamu alaikum ƴan uwa masu koyon turka. Rumfar harawa dai ta kammala, na ɗaga ta kan itace saboda gara da laima, na kuma keɓe ɗan gurbi can kusurwar gida don duk sabon ragon da zai shigo. Wasu cikinku da suka fara kiwo bana sun ce wai mene ne na tara abinci tun kaka tunda kasuwar bisashe ta Turaku tana nan ba inda za ta, to bari in gaya muku abin da muka gani lokacin korona.

Ran 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar a Nijar, kafin wata ya ƙare an killace Yamai, ba shiga ba fita sai da izini, ga dokar hana fita daga bakwai na yamma zuwa shida na safe, kuma ba a buɗe garin ba sai tsakiyar Mayu. Ku duba lokacin fa, tsakiyar rani kenan, ga azumi ya shigo ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare a daji kowa ya koma saye. Ita korona ba ta kama mana tumaki ba, yunwa da rashin magani ne suka kwantar da su. Ƙananan masu kawo harawa da kowar wake daga ƙauyuka sun ragu, dusa ta yi tsada, iyakar Najeriya kuwa dama a rufe take tun Agusta 2019.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne canjin abinci na dare ɗaya. Harawa ta yanke, mutum yana tausayin ragonsa sai ya cika mishi kwano da gero ko ragowar tuwo, ragon da bai saba ba ya cinye tas, kafin gari ya waye ya daina tuƙa, gefen hagu na cikinsa ya kumbura in ka buga kamar ganga, ya tsaya kai ƙasa yana nishi, wani kuma zawo ya tsinke mishi. Kuma da dare ne, likitan dabbobi ba shi da halin fitowa. Na ga haka a maƙwabta kuma wallahi abin ba daɗin gani. Shi ya sa yanzu duk sabon abinci, angurya ce ko dusar alkama, da ɗan tafin hannu nike farawa ina ƙarawa kaɗan kaɗan har sati biyu, kuma busasshiyar ciyawa ke fara shiga ciki kafin hatsi.

Makiyaya na daji su suka fi shan wuya, waɗanda suka saba gangarawa kudu wajen Benin da Najeriya da rani suka maƙale, bisashe suka taru kan rijiya ɗaya, ciyawar wurin ta ƙare, kuma inda aka cunkushe nan ciwo ke yawo. Ragunan layya da suka iso gari wajen ƙarshen Yuli daga irin waɗannan garkunan ne wasu suka fito, to ka ga amfanin gurbin da na ce.

Baban da nike koyo wurinsa bai yarda sabon rago ya haɗa kwanon ruwa da na gida ba sai ya yi sati biyu zuwa uku shi kaɗai ana duba shi. Abin dubawa: majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, zawo, waɗannan alamun annobar ƙananan bisashe ce da likitoci ke ce ma PPR, tana iya share garke. Allurarta ɗaya tana karewa aƙalla shekara 3, ana ma son a kawar da ita daga duniya nan da 2030, kuma muna da LABOCEL nan Yamai masu aikin rigakafin bisashe. Sai dai maganin yana son sanyi, kwalbar da ta wuni cikin zafin Afrilu kar ku yarda da ita ko da arha ce. Nawa duk an yi musu, na rubuta ranar cikin kaye.

Sabon abin da hannuna ya fara faɗawa shi ne duba ido. Ka riƙe haɓar ragon, ka ja fatar ido ta ƙasa da babban yatsa, in cikin ya yi ja lafiya lau, in ya yi fari fat to jini ya yi ƙasa, galibi tsutsar ciki ce. Balamina ɗaya na samu nashi ya ɗan koɗe, an ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, ya koma cin abinci sosai.

Saura yankan kofato, Baba ya ce in zo ranar Lahadi da wuƙa mai kaifi. Wanda ke da hanyar samun busasshiyar ciyawar burgu wajen bakin kogi da sauƙin kuɗi don Allah ya sanar da ni, rabin rumfar har yanzu ba komai.