Tafiyar suna zuwa Marwa a tsakiyar damina

Saƙon haihuwa ne ya tashe ni daga Garwa, a arewacin Kamaru, a tsakiyar watan Agusta. Matar ɗan Gwaggona ta sauka a Marwa, an samu mace, Gwaggo kuma ta aiko cewa ba ta karɓar uzurin kowa ranar suna. Na bar wa yara shagon ɗinki a Hausari, klando, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni a tasha bayan sallar asuba, muka kama hanya hadari na haɗowa daga gabas.

Wanda ya saba bin wannan hanya da rani zai yi mamakinta da damina. Duwatsun Tingelin sun yi kore shar, auduga ta rufe ƙasa tun daga Pitowa, masara ta fara goyo, ko a Figil ruwa ya kwantar da ƙurar kamfanin siminti. Duk inda ka duba sai ka ce yalwa ta sauka. Amma dattijon da ke kusa da ni, manomi daga wajen Gidar, ya ce mini babu watan da yake tsoro a shekara kamar wannan. Tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, mudu ya hau, sauro ya yi yawa, ga noma na neman ƙarfin jiki daga cikin da bai ƙoshi ba. Ya ce a wannan watan ne magidanci kan sayar da akuyar ƙarshe, kuma wanda ya sayar da ita a Agusta ba ya mayar da ita a kaka.

Tsakanin Garwa da Marwa ya haura kilomita 200. Mun shiga gari bayan azahar, ƙarƙashin inuwar darbejiyar da ta jeru a titunansa. Rafin Mayo Kaliyawo, wanda da rani yashi ne zalla yara na buga ƙwallo a ciki, ranar yana ɗauke da jan ruwa baki da baki.

A unguwar su Gwaggo Fulatanci ake yi a titi da kasuwa, in an shiga gida a koma Hausa. An yi suna lafiya, an yanka rago, an ci an sha, mata sun yi guɗa. Sai da jama'a suka watse ne na ji cewa haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Naƙuda ta yi tsawo har sai da aka yi tiyata. Ɗan Gwaggo baduku ne, abin da yake samu na cefane ne kawai, don haka na tambaye shi a keɓe abin da ya sayar ya biya asibiti. Ya ce ko allura bai sayar ba. Tun cikin yana ƙarami aka yankar wa matarsa takardar nan ta shek sante, wadda aka fara a jihohin arewacin Kamaru uku a 2015. Mace mai ciki ta biya sefa 6,000 sau ɗaya, sai a yi mata awo da hoton ciki, a karɓi haihuwa, a yi tiyata in ta kama, a kuma ci gaba da duba ta da jaririnta har kwana 42. A wajen awon ne aka gaya musu kada su kuskura su yi jira a gida in naƙuda ta fara.

Sefa 6,000 ba kuɗi ba ne a wurin mai shi. A gidan da ake auna mudu kullum kuwa, kuɗi ne da za a yi ta cewa sai gobe har wata tara ya cika. Shi ma ba shi ya biya ba. Gwangwanin su Gwaggo ne ya biya.

Matan unguwar suna da adashi, kamar kowace unguwa. Bambancin nasu shi ne, bayan zubi, kowace mace tana jefa abin da ya sawwaƙa a wani gwangwani daban, wanda ba a kwasarsa bi da bi. Ba a taɓa shi don biki ko kayan ɗaki. Na mai ciki ne da mijinta ya gaza, da kuɗin klandon kai yaro asibiti cikin dare, da takardar haihuwar jariri. Wannan ta ƙarshe ta ba ni sha'awa, domin na san yara da yawa a Garwa da suka kai ajin ƙarshe na firamare aka ce ba za su zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba don ba su da takarda, alhali in lokacin yin ta ya wuce sai an bi ta kotu, da kuɗi da jeka-ka-dawo.

Na ce, "Gwaggo, to wa yake zuwa ya faɗa muku yana cikin matsi?"

Ta ce, "Ɗana, mai mutunci ba ya zuwa. Ranar da ka ga ya zo da bakinsa, ai an riga an makara. Mu muke zuwa."

Sai ta shiga lissafa mini idanunsu. Mai ƙosai ta san gidan da aka daina aiko yaro da safe. Mai injin niƙa ta san wadda ƙwaryar niƙanta ta ragu daga mudu biyu zuwa rabi. Mai kitso tana jin abin da ba a faɗa wa miji ba. Maƙwabciya ta san gidan da hayaƙi bai tashi ba har la'asar. Idan magana ta iso, mace ɗaya ce take shiga, ba tawaga ba, kuma da hujjar ziyara: ta zo aron turmi, ta zo duba mai jego, ta kawo ɗanɗanon miya. Abin da za a bayar ana bayar da shi a ɗaki, ba a ambaton sunan gidan a wajen zubi. Na daɗe ina tunanin wannan. Babu ofishin da zai iya samun irin wannan labari da wuri haka, komai yawan takardun da ya raba, domin labari ne da ba ya fita sai tsakanin mutanen da suke aron gishiri a hannun juna.

Kashegarin suna da hantsi na ga wani aikin nasu da idona. Mata suka taru a tsakar gida da 'ya'yansu, Gwaggo ta ɗauko wani siririn ma'auni na roba mai launi uku, irin wanda ma'aikatan lafiya suka koya wa iyaye mata amfani da shi. Ana zagaya shi a tsakiyar dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a kore, lafiya. In ya faɗa rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, tamowa ta fara shiga. In ya kai ja, ƙasa da 11.5, ba a kwana da yaron a gida. Bayan awo sai a danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa a ɗan riƙe. In aka ɗaga gurbin yatsa ya zauna a ƙafafu biyun, kumburi ne, shi ma asibiti kai tsaye ko da dantse ya nuna kore. Ba a buƙatar iya karatu, kuma yawancin matan da ke wurin ba su shiga lekol ba, wato makarantar boko.

Cikinsu akwai wata da ta baro ƙauyensu ta wajen Kolofata tun shekarun da hare-haren Boko Haram suka tsananta a kan iyaka. Ba ta da miji yanzu, wankau take yi. Ɗanta na goye ya faɗa rawaya. A idona yaron lafiyarsa ƙalau, yana ta wasa da ɗankwalin uwarsa, ɗan rama ce kawai irin wadda mukan ce haƙori ne ko yaye. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ta ko yana zawo, ta ce ya kwana biyu yana yi. Nan take aka ciro kuɗin klando daga gwangwani, aka haɗa ta da wata yarinya su tafi cibiyar lafiya, aka kuma auna mata garin kunu da suke haɗawa da kansu: dawa, gyaɗa, waken suya, da busasshen zogale. Yaron da aka tara a wannan mataki, abinci da maganin zawo kan ishe shi. In aka bari ya kai ja sai an koma ga haɗin gyaɗa da madara na cikin leda, Plumpy'Nut, na tsawon makonni. In kuma ya daina karɓar abinci sai kwanciya, uwa ta bar sana'a, sauran yaran gida su shiga layi.

Muna nan zaune sai ga matasa biyu da jaka da rajista suna bi gida-gida. Maganin rigakafin zazzaɓin damina ne, wanda ake rabawa a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa tun 2016 ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata a tsawon damina. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da ke biye a hannun uwa yake. A nan ne aikin kan lalace, domin yaro lafiyayye ne, uwa ga girki ga gona, sai ta manta ko ta ajiye sai ya yi zazzaɓi. Matan adashin sun raba gidaje a tsakaninsu, kowace tana leƙa nata ta ga an sha.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar shanu ta Bogo, muka raka surukar ɗan Gwaggo ƙauyensu da ke kan wannan hanya. Ƙasar nan baƙar laka ce mai riƙe ruwa, inda ake noman masakwa. Ana yafa irinta a ƙarshen damina, a dasa bayan ruwa ya ja, ta girma da laimar ƙasa ba tare da ɗigon ruwan sama ba, a girbe ta wajen Janairu da Fabrairu. Mutanen ƙauyen, Fulani da Barebari da 'yan gidajen Hausawa mahauta da 'yan koli, suna da ɗakin ajiya na gari a bayan masallaci, da kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mutum daban, ɗaya a cikinsu mace.

Na gaida mai garin, na ce, "Ranka ya daɗe, zakka ce kuke tarawa a nan?" Limamin da ke gefensa ya karɓe. Ya ce a'a, zakkar hatsi ana fitar da ita a girbi a miƙa wa masu haƙƙi, ba a kulle ta. Wannan gudummawa ce. In an girbe masakwa, lokacin da hatsi ya fi araha kuma 'yan kasuwa suka cika ƙauye da motoci, kowane gida yana zuba abin da ya iya. Ba a buɗewa sai damina ta yi nisa. Gidan da ya karɓi buhu zai mayar da shi a kaka, ya kuma zuba tasa gudummawar kamar kowa. Kafin su fara wannan, in ji mai gari, wanda yunwa ta kama a Agusta bashi yake ci a hannun mai kuɗi da sharaɗin biya da hatsi a farashin kaka, ko ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago a ta wani. Ko wanne ya zaɓa, yunwar baɗi ya shuka.

Ina ganin a nan ne mu mutanen birni muke da gyara. Muna da hannun kyauta, ba na musun wannan. Na ga abin da aka tara a Garwa a 2012 da Binuwai ta cika ta shiga gidaje, na kuma ga yadda aka yi wa mutanen Yagwa karo-karo a ambaliyar 2024. In mutum ya rasu a asibiti, cikin sa'a guda za a haɗa kuɗin likkafani da abincin zaman makoki. Amma a ce a ba da kwatankwacin wannan wata uku kafin nan, lokacin da mara lafiyar ke tafiya da ƙafarsa, sai hannu ya yi nauyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Taimakon da ya zo da wuri ba ya barin abin nunawa. Yaron da bai kai ja ba, babu wanda zai nuna shi ya ce ga wanda aka ceto. Gwangwanin mata ba zai gina madatsar ruwa ba, ba zai sa magani a cibiyar da aka je aka tarar babu ba, wannan nauyin hukuma ne kuma a wuyanta yake. Amma shi yake kai mutum ƙofar cibiyar tun yana da sauran ƙarfi.

Rumbun ƙauyen ma yana da nasa ciwon kai. Ƙwari sun taɓa cinye musu rabin ajiya kafin su koma buhunan nan masu leda a ciki da ba sa shan iska. Akwai kuma masu karɓa su ƙi mayarwa, kuma a ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne, tambayar bashi da wuya. Ranar da muka je ma gardama muka tarar a kan wata bazawara mai marayu huɗu, wadda ba ta biya na bara ba, ga shi an sake kawo sunanta. Mai riƙe da littafi ya ce in aka ɗaga mata ƙafa, gobe mutum goma za su zo da irin hujjarta, rumbu ya mutu. Matar da ke riƙe da mabuɗi na uku ta ce ba don irinta aka gina ɗakin ba, to don wa? Kowannensu da gaskiyarsa. Liman ya raba gardamar: a ba ta buhunta yau, bashin bara kuma a ɗora shi a kan gidaje biyar da suka fi kowa samun masakwa, a matsayin sadaka, a rubuta shi a shafi daban don lissafin rumbu ya tsaya daidai. Biyu daga cikin masu gidajen suna wurin, suka amsa. Mai gari ya ce sauran ukun shi zai je musu da kansa bayan magariba.

Ba mu tsaya ganin an auna mata ba. Hadari ya taso, direba ya ce in ruwan ya sauka kafin mu haye rafin da ke gaba, a ƙauyen za mu kwana, ni kuma da motar Garwa a gabana da asuba.