Inda nake kai hankalina idan za a leƙa mafitsarata

Wanda aka taɓa cire wa tsiro a mafitsara ya san tiyata ba ita ce ƙarshen magana ba. Irin wannan tsiro yana da halin dawowa, shi ya sa likita ke sa mutum ya riƙa zuwa ana leƙa ciki da kyamara, da farko kamar duk wata uku, daga baya a riƙa tsawaita tazarar. Ina cikin masu bin wannan layi. Gwajin shi ake kira sistoskofi: siririn bututu mai lanƙwasuwa, da fitila da kyamara a bakinsa, a zura shi ta hanyar fitsari har mafitsara, a cika ta da ruwa don ta buɗe a ga bangonta sosai. Idon mutum biyu ake yi. Sai dai a fara matsa wani magani mai yauƙi, lidoken, wanda ke rage zafi ya kuma sa bututun ya zame. Yawanci minti biyar zuwa goma an gama.

Lidoken yana taimakawa, amma ba ya taɓa fargaba ko kaɗan, kuma a wurina fargabar ce babbar matsala. Hanyar fitsarin namiji ta kai wajen santimita 20, ta mace wajen 4, shi ya sa maza suka fi jin jiki. Can ciki, dab da furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, akwai tsokar da ke riƙe fitsari, kuma nan ne wurin da ya fi ciwo. Mutum na tsorata sai tsokar nan ta damƙe. Likita na turawa, ita tana tarewa, zafi ya ƙaru, tsoro ya ƙaru, ta ƙara damƙewa. Ga kuma kunya a kan tsoron, domin kana kwance al'aura a buɗe gaban mutanen da ba ka sani ba. Ka ji an ce maka "saki jikinka, malam", kai kuwa ba ka san ta inda ake sakin ba.

Ba a sakin jiki da umarni. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba hankali wani abin yi. Da fari na ɗauka dabarar lallashin yara ce a ɗakin allura, ashe tana da tushe. A 1965 wasu masana kimiyya biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka fito da bayanin cewa saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A cikin laka akwai abin da ke iya rage shi ko barinsa ya wuce, kuma taɓa fata da saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa duk suna da hannu a ciki. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake murza wurin ba tare da an koya masa ba. Hankali kuma ba ya iya riƙe abubuwa da yawa lokaci guda, duk abin da ya cinye wani kaso nasa ya rage wa zafi rabo.

Ni ga yadda nake yi. Tun daga gida nake zaɓar abin da zan saurara, in sauke shi a waya, in sa iyafis a kunne ɗaya kawai, ɗayan na bar wa likita. Sauti mai sanyi wanda na riga na sani ya fi mini wanda ban taɓa ji ba, domin bakina na bin sa a hankali, numfashina ya daidaita da shi. A hannun dama ina riƙe 'yar ƙwallon roba ina matsawa ina saki. Idan aka zo wurin tsokar, sai in fitar da numfashi a hankali, in motsa yatsun ƙafa, in yi kamar zan yi fitsari. Wannan na ƙarshen yana da wuyar yi saboda kunya, amma shi ke buɗe hanyar.

Wata nas ce ta ƙara mini dabara guda da ba ta shafi hankali ba: daidai lokacin da bututun zai ratsa tsokar, sai ta matse ledar ruwan da ke rataye, wadda ake cika mafitsarar da ita, ƙarfin ruwan ya buɗe hanya kafin bututu ya iso. Tun daga ranar nake roƙon a yi mini haka. Ita ce kuma ba ta barin ɗakin ya yi shiru, tana jefo mini tambaya kan aikina, irin wadda dole in yi tunani kafin in amsa. Tambayar "ya jiki?" ba ta ɗauke hankalin kowa, sai ma ta mayar da shi kan jikin.

Kallon allon kyamarar kuwa, a nan na saɓa da masu yaba shi. Akwai binciken da ya nuna maza na samun sauƙi idan suna kallo likita na yi musu bayani, akwai kuma wanda bai ga bambanci ba. Mutumin da aka kawo saboda tsakuwa ko yawan ciwon fitsari yana iya kallo da sha'awa. Ni da ake neman ko tsiro ya dawo, duk jan tabon da na gani sai gabana ya faɗi. Don haka nake cewa a juya allon har a shiga mafitsara, idan likita ya gama zagayawa sai ya nuna mini. Wasu asibitoci sun fara gwada gilashin da ake ɗaurawa a ido mai nuna wata duniya daban, amma ban ga ya zama dole ba ga aikin minti kaɗan.

Duk wannan ba ya maye gurbin magani. Idan zafi ya wuce misali, a ce likita ya dakata, kuma wanda ya kasa jurewa ana iya yi masa da maganin barci. Bayan an gama, raɗaɗi wurin fitsari da ɗan jini na kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, a dai sha ruwa sosai. Zazzaɓi, gudan jini, ko fitsari ya ƙi fita, waɗannan ba a ɗauke musu hankali, asibiti ake komawa nan take.