Taku uku

Jiya ɗiyata ta saki gefen kujera ta yi taku uku zuwa wurina, sannan ta zauna daɓas. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Watanta 14. Tun da ta cika shekara nake cikin zullumi, don ɗan maƙwabciyata yana wata 10 ya fara tafiya. Likita ce ta kwantar min da hankali, ta ce binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna lafiyayyun yara kan fara tafiya tsakanin wata 8 da 18. Ta tambaye ni: tana dafa abu ta miƙe? Tana tsintar ƙaramin abu da yatsa biyu? Tana waigowa in an kira sunanta? Duk tana yi.

Yau tun asuba take ta gwadawa, tana faɗuwa tana dariya.