Yadda takin gida ya gyara mini ƙasar lambu

Bayan gidanmu jar ƙasa ce mai tsakuwa. Da rani takan yi tauri har fartanya ta riƙa tsalle, da damina kuma ruwa ya kwanta. Shi ya sa na jera bulo hawa biyu na yi gadajen shuka, faɗinsu bai wuce mita 1.2 ba, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai na taka ba. Sai dai ƙasar da aka ɗaga ta fi saurin bushewa, kuma takin zamani ba ya maganin wannan. Abinci yake ba shuka, ba ya sa ƙasa ta riƙe laima.

A inuwar darbejiya na tara nawa takin. Karan dawa da na daddatsa, ɓawon gyaɗa da busasshen ganye kashi 3, sai kashin awaki da na kaji, ɗanyar ciyawa da ragowar kayan miya kashi 1, hawa-hawa. Toka barbaɗawa kawai nake yi, domin in ta yi yawa ta haɗu da kashin kaji, naitirojin, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, bin iska yake yi. Warin nan mai hawa kai, shi ne ke tafiya. Takin bola kuwa ba na kusantarsa, saboda leda da fasassun kwalabe da mataccen batir.

Babban aikin shi ne ruwa. Iskar hunturu takan busar da tulin ƙayau, ruɓewa ta tsaya cak, gara ta samu gida. Nakan damƙi takin in matse: ya dunƙule, ya jiƙa tafin hannu, amma kada ruwa ya zuba. Sannan in rufe da tsofaffin buhuna. Akwai guntun rodi da nake sokawa a tsakiya. In na zaro shi da zafi, aiki na tafiya, kuma zafin digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius ne ke kashe ƙwayar ciyawar da ke cikin kashin dabbobi. In ya huce sai in juya, na gefe ya koma ciki.

Cikin wata 3 ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Na cakuɗa kashi 1 da ƙasa kashi 2. Alayyafo da latas da ke yaushi tun kafin azahar, yanzu ban-ruwan safe yana kai su yamma, har tana, tsutsar ƙasar nan, ta fara bayyana.

Ƙasar takan sauka duk shekara yayin da takin ke narkewa. Kafin kowace shuka nakan ƙara kaurin santimita 5 a sama, ba tare da na kafce ba, in lulluɓe da ɓuntun shinkafa.