Saƙon godiya daga iyalan gidan Malam, bayan ruwa ya shiga ɗakin littattafai

Assalamu alaikum. A madadin Baba da iyalan gida, muna miƙa godiya ga jama'ar unguwa bisa gudummawar da kuka kawo a daren da iska ta yaye kwanon ɗakin littattafansa, ruwa ya sauka kan kantoci biyu. Mai unguwa, Liman, mai injin niƙa da ya ara mana janareta, mai shagon kwafi da ya aiko da farar takarda bandir biyu, da ɗaliban Islamiyya da suka yi ta jigila har asuba: Allah ya saka muku da alheri.

Da yawa sun tambayi dalilin da ya sa muka hana a shanya littattafan a rana. Rana tana busar da bango kafin ciki, sai bangon ya lanƙwashe, gam ya saki. Ga shi kuma lokaci bai da yawa, domin a damina kwana biyu kacal sun isa jiƙaƙƙen littafi ya fara funfuna. Abin da aka yi shi ne tsayar da kowanne a kan tabarma a zaure, a ɗan buɗe, fanka tana kaɗa iskar ɗakin ba tare da ta fuskance su ba. Bayan kowane shafi ashirin an saka farar takarda ɗaya, in ta jiƙe a canza. Kada a cika takardar, in ta yi yawa ɗinkin baya ne zai yage. Da suka kusa bushewa aka kwantar da su, aka ɗora katako da bulo.

Masu takarda mai sheƙi su suka fi ba da wuya. Tun da danshinsu ake raba su shafi-shafi, don in suka bushe a manne, shi ke nan. Littattafan hikaya na Kano kuwa, ƙusar da aka ɗinke su da ita ce ke tsatsa ta ci takarda, saboda haka aka cire ta, telan bakin masallaci ya maye da zare. Allah ya ƙara masa haƙuri, yini biyu ya bar kekensa.

Godiya ta musamman ga Alaramma, wanda ya ce kada wanda ya taɓa rubuce-rubucen ajami sai shi. Tawadar gida da ƙaro ake haɗa ta, da ruwa ya taɓa ta sai ta narke, goge ta kuwa shafe rubutun ne. Warƙa-warƙa ya shimfiɗa su, sannan ya mayar da jerinsu ta hanyar bin kalmar da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba ke farawa. Tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke cikin kwali a ƙasa ne ba su tsira ba. Kwali a daɓe, in ruwa bai ci shi ba gara za ta ci.

Kafinta ya ɗaga sababbin kantoci taƙi biyu daga ƙasa, ya janye su daga bango. Zaman karatu na bayan la'asar zai dawo ranar Asabar in Allah ya so, mai shayi ma ya ce yana nan tafe. Wanda ke riƙe da juzu'i na biyu na Magana Jari Ce tun bara, Baba ya ce ya yafe jinkirin tunda shi ya tsirar da littafin, amma a dawo da shi.