Layin famfo da rijiyoyin Ishaku

Gidan haya muke a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, sai wani tela da ke ɗakin bakin zaure. Ranar da ruwa ya dawo bayan kwana uku ko huɗu, tun asuba galan-galan masu ruwan ɗorawa, waɗanda muke ce wa galan ɗin Kufuor, da sunan tsohon shugaban ƙasarmu, sun ja layi har waje, kuma kowa ya san na wa ne a gaba.

Wata Alhamis autana, ɗan shekara 8, ya tarar ɗan Hajiya maƙwabciyarmu ya ture galan ɗinmu ya sa nasu. Bai yi wata-wata ba ya kai masa naushi, leɓe ya fashe. Ni kuma da na fito ban tsaya jin ba'asi ba. Na ji Hajiya na cewa wasu ba sa kwaɓar 'ya'yansu, sai na ci ɗamara. Abin da bakina ya furta ba zan rubuta shi ba. Ni ce fa mai koyar da yara a coci duk Lahadi.

Kafin la'asar yaran suna buga ƙwallo tare a lungu. Mu manya kuwa kwana tara ko gaisuwa babu, da matar da duk Babbar Sallah sai ta aiko mana da nama, ni ma duk Kirsimeti sai na zuba wa 'ya'yanta shinkafa.

A makon ne addu'armu ta dare ta kawo mu Farawa sura 26. Bayin Ishaku suka haƙa rijiya, makiyayan Gerar suka ce ruwansu ne. Ya sa mata suna Esek, ya bar musu. Aka haƙa ta biyu, nan ma rigima, ya kira ta Sitna, ya matsa gaba. Sai a ta uku aka ƙyale shi, ya ce da ita Rehobot. Autana ya ɗago kai ya ce, "Mama, ashe Ishaku matsoraci ne?"

Tambayar ta tsaya mini a wuya. Ni 'yar Bawku ce, can arewacin Ghana. Na san abin da "ba za mu bari ba" ke jawowa, don rikicin sarautar Kusasi da Mamprusi ya girme ni, ya kuma ci mutanen da na sani. Amma ba na so in raini yaron da kowa zai taka ya wuce. Mu iyayen zango da an yi faɗa sai mu ce "yi haƙuri," sau da yawa ba don a shirya ba, don dai a rufe mana baki mu huta. Yaron ya haɗiye, gobe ya fashe a wani wuri.

Na ce mu ƙarasa surar. Da sarki Abimelek ya zo neman yarjejeniya, Ishaku bai yi masa murmushin ƙarya ba. Ya tambaye shi gaba da gaba, me ya kawo ku wurina bayan kun ƙi ni kun kore ni? Ya faɗi abin da ke ransa, sannan ya sa aka yi musu abinci, suka ci suka sha. Na ce wa yaran albarkar da Yesu ya ambata a Matiyu 5:9 ta masu ƙulla zumunci ce, ba ta masu yin shiru ba, kuma ƙulli sai an kama bakin zare biyu.

Ina jin daɗin wa'azina ke nan sai babbar 'yata ta ce, "To Mama, ran Lahadi za ki ba da baiko?" Matiyu 5:23-24 take nufi, ayar da ni na sa su haddace: ka bar baikonka gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Maigidana, maimakon ya cece ni, sai ya ƙara gishiri. Wai a Ista ta 2019 Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100 ya taso ya shiga cocin Christ the King, ni kuma taku goma ya gagare ni.

Da safe na sayi koko da ƙosai, na riƙo hannun autan. Mun yi gwaji a ɗaki sau biyu. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ina kwana. Na bugi ɗanki, ban kyauta ba, ki yafe mini. Amma galan ɗinmu ne a gaba." Na so ƙasa ta tsage, don a gwaji ba da ƙarfi haka ya faɗi na ƙarshen ba. Hajiya ta dube shi, ta kira ɗanta, ya amsa cewa shi ya ture. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma fa, Maman yara?"

Nawa ya fi na yaron wuyar fita, amma ya fita. Ita ma ta janye maganarta. Da yamma tela ya kawo ragowar fenti, yaran biyu suka bi galan-galan ɗin gidan suna rubuta lambar ɗaki. Namu bakwai ne, autana ya rubuta shi a juye.