Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hoton Shehun da Na Cire Daga Bangon Aji

A makon jiya mun tsaya ne a inda firinsifal ya kira ni ofis, ya ce tunda tarihi na karanta a jami'a, in karɓi 'yan aji biyar. Abin da bai gaya min ba shi ne, su goma sha huɗu ne kacal suka zaɓi darasin, kuma yawancinsu don ba su samu shiga ajin kimiyya ba ne. Lokacin ba a daɗe da cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare ba, yaran gari duk sun ɗauka darasi ne na wanda ba shi da abin yi.

Sati biyu ina cika allo da shekaru, suna kwafa suna hamma. Ga sanyin Jos, ga tagogin ajin babu gilashi, kowa ya cusa hannu cikin rigar sanyi yana jiran ƙararrawa. Ranar wata Litinin na gaji, na ajiye alli, na zaro kuɗin motata daga aljihu na ɗaga naira biyar. Na ce wane ne wannan? Wani daga baya ya ce, "Mai hula ne, Malam." Aka kwashe da dariya. Abubakar Tafawa Ɓalewa fa, Firayim Ministan Najeriya, wanda kabarinsa ke nan Bauci, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba daga inda muke zaune. Sardauna na jikin naira ɗari biyu kam sun san shi, Murtala ma haka. Da na juya bayan naira ashirin, sai aji ya yi tsit. Mace ce tana ginin tukunya. Kullum sai sun miƙa wannan takarda sun sayi awara ko soyayyen dankali a bakin get, amma babu wanda ya taɓa karanta sunan da ke jikinta. Na ce Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har tukwanenta suka kai Ingila da Amurka. Ranar, karon farko, aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya miƙe.

Daga nan na kamu. Albashin watan da ya biyo baya, kafin in kai gida na bi ta wajen masu sayar da kalanda da fosta a kusa da Taminus, na kwaso abin da ya samu, sauran na je shagon kwamfuta aka buga min daga intanet. Uwargida ta kalli ledar ta ce, "Malam, wannan ne cefanen?" Ban tanka ba. Muka yanka kwalayen taliya, muka manna hotunan da gam, muka naɗe kowanne da farar leda saboda feshin damina. Malam Aminu Kano, Hajiya Gambo Sawaba, Sa'adu Zungur, Zik da na rubuta a ƙasansa cewa a Zungeru aka haife shi a 1904, abin da ya fi komai ba yaran mamaki. Wanda ya zauna a Jos bayan rikicin 2001 da na 2008 ya san cewa ko bangon aji ma sai an yi masa lissafi, don haka tun kafin wani ya tambaye ni na sa Yakubu Gowon da Joseph Gomwalk, gwamnan farko na jihar Binuwai-Filato a 1967, da kan mutum-mutumin Nok irin wanda ke gidan tarihi na Jos.

A tsakiya, sama da kowa, na kafa wanda na fi alfahari da shi: wani dattijo da farin rawani da gemu, yana zaune, idonsa a kan mai ɗaukar hoto. A jikin kalandar an rubuta Shehu Usman Ɗanfodiyo. Ni ma da hannuna na ƙara a ƙasa da jan biro: 1754 zuwa 1817.

Ya yi kusan wata biyu a wurin.

Wata rana muna darasin zuwan Turawa, ina nuna musu hoton Gwamna Lugga, ina bayanin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Sai zance ya kai ni ga na'urar ɗaukar hoto, na ce ai ita kanta sai a 1839 aka fito da ita ga jama'a a Faransa. Don nuna ƙwarewa kawai na faɗa, ba ya cikin abin da na shirya. Akwai wata yarinya 'yar Gangare da ke zama a layin gaba, ba ta cika magana ba, kullum hijabinta a goge. Ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, ka ce Shehu ya rasu a 1817?"

Na ce haka ne.

"To wa ya ɗauke shi wancan hoton?"

Wallahi har yau ina jin yadda gumi ya tsatsafo min a cikin wannan sanyi. Na juya na kalli bangon, na kalli jan rubutuna. Shekara ashirin da biyu tsakani, lissafin da ɗan firamare zai yi, ni da digirina ban yi ba. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mata ta zauna, ba shi muke yi ba yanzu. Malamai da yawa haka suka yi mana, mu ma mun iya. Allah Ya taimake ni na haɗiye. Na ce, "'Yata, kin fi malaminki gaskiya. Wannan ba Shehu ba ne." Na jawo benci na hau, na ciro shi a gabansu. Wani ya ce, "To Malam, wane ne?" Na ce Allah kaɗai Ya sani, kakan wasu ne dai, mai kalanda ya ga rawani ya ga kasuwa.

A ɗakin malamai labari ya riga ni isa. Malamin addini, dattijo ne da muke kira Baba, ya ce tun ranar da na kafa shi ransa bai kwanta ba, ya yi shiru ne don kada a ce yana hana ruwa gudu. Wani abokin aiki kuma ya ce na zubar da girmana, da na bari sai yara sun tashi in cire a ɓoye. Na daɗe ina juya maganarsa. Ko yanzu ban yarda da shi ba, domin yarinyar ta riga ta gano, kuma da na ɓoye, abin da za ta koya a wurina shi ne babba ba ya amsa kuskure.

Gurbin ban cike shi da wani hoto ba. Farin kwali na mayar, da sunan Shehu da shekarunsa kawai, na ce su za su cike shi. Sati uku suna kai. Ɗaya ya zana taswira, ya sa Marata inda aka haife shi, da Ɗegel, da Gudu inda aka yi hijira a 1804, da Tafkin Kwatto, da Alƙalawa. Wata ta je wajen malamin Islamiyyarsu ta kwafo baitoci da ajami. Da muka zo kan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, su da kansu suka ce ita ma farin kwali za a ba ta, suka zana malafa irin ta jajis ɗin 'yan taru, matan da take turawa ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu.

Sarauniya Amina ce ta jawo rigima. Zanen nan nata da kowa ya sani, a kan doki da takobi, wasu suka ce a cire tunda shi ma ba ita ba ce. Wasu suka ce a'a, wannan bai yi wa kowa ƙarya ba, kana gani ka san zane ne. Mintuna arba'in ana musu, har 'yan ajin kimiyya suka leƙo ta taga. A ƙarshe aka bar ta, aka rubuta a ƙasa: wannan tunanin mai zane ne. Tun daga ranar ba na iya kafa komai sai na sha tambaya. Wa ya ɗauka? Yaushe? A ina ka samo, Malam? Har hoton Sardauna sai da aka tuhuma.

Da zangon ya zo ƙarewa na ce kowa ya tambayi gida, ya kawo hoton mutum mafi tsufa da suke da shi a danginsu. Yawanci hotunan fasfo na aikin Hajji aka kawo, da na biki, da wani soja da kakin yaƙin basasa. Yaron nan na baya, mai cewa mai hula, shi ya zo a ƙarshe da wani abu naɗe a tsumma. Hoto ne ɗan ƙarami, ya yi ja, gefensa gara ta taɓa. Maza ne kusan goma a bakin wani rami, da kwanon ɗaukar ƙasa a ka, babu takalmi. Ya ɗora yatsa a kan na uku daga hagu.

"Wannan kakan babana ne, Malam. Kaka ta ce daga ƙasar Katsina aka kawo shi haƙar kuza, wai ɗiban gwamna. Mene ne ɗiban gwamna?"

Na san amsar littafi: aikin tilas ne da Turawa suka ƙaƙaba daga 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya sun rasa kuzar can, aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato, sanyi da yunwa suka kashe da dama. Amma bayan abin da ya same ni da hoton Shehu, sai na ce masa ya roƙa min iso wajen Kaka. Ranar Asabar da hantsi na sayi goro da sabulu, na nufi Bukur. Abin da tsohuwar nan ta gaya min sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.